Mako Guda a Lituweniya: Me Baƙo Zai Ci, Me Zai Gani?

Baban Hafsat:
Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa. Ina neman shawarar duk wanda ya san ƙasar Lituweniya, ko ta zama ko ta ziyara. 'Yata ta fari za ta kammala karatun likitanci a birnin Kaunas a ƙarshen watan Yuni idan Allah ya kai mu, kuma ni da mahaifiyarta mun yi niyyar halartar bikin yaye su. Tun da an riga an biya kuɗin jirgi, ga kuma wahalar neman bizar Shengen da muka sha, sai muka ga bai kamata mu kwana biyu kawai mu juyo ba, don haka muka ware mako guda cur. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk lokacin da na tambayi yarinyar abin da ake gani a ƙasar, sai ta ce ita daga aji sai asibiti sai ɗakinta, abincinta kuma da kanta take dafawa da kuka da daddawar da mahaifiyarta ke aika mata. Shekara shida ke nan, amma ba ta iya faɗa mini sunan abincinsu ko guda uku ba. Ina son in san abin da Musulmi zai iya ci a can hankalinsa kwance, da wuraren da suka cancanci a ɓata musu lokaci.

Alhaji na Maraɗi:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka a karatun, ya sa al'umma ta amfana da ita. Amma Alhaji, idan za ka ɗauki shawarata, ku halarci biki, ku ɗauko 'yarku, sauran kwanakin kuma ku yi su a Istanbul a hanyar dawowa, inda za ku ji kiran sallah sau biyar, ku ci nama ba tare da tambaya ba, Hajiya kuma ta shiga kasuwa. Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 3 ba, wato ba su kai jama'ar birnin Kano kaɗai ba, me za ta nuna wa mutumin Kano? Ni dai abin da na ji daga wani abokin cinikina shi ne abincinsu dankali ne da naman alade, wuraren kallonsu kuwa majami'u ne da wani tudu da aka cika da gicciye. Ban ga abin da zai zaunar da dattijo da matarsa mako guda a irin wannan wuri ba.

Maman Sadiq:
Alhaji na Maraɗi, abokin cinikinka bai yi ƙarya ba, amma rabin magana ya ba ka. Na yi kwana tara a can tare da maigidana a lokacin bazararsu, kuma ban taɓa kwana da yunwa ba. Gaskiya ne cewa abincin da suke tinƙaho da shi, wanda suke kira cepelinai, curi ne na gurzajjen dankalin turawa mai girman tafin hannu da ake cusa wa niƙaƙƙen nama a dafa, kuma naman galibi na alade ne. An raɗa masa sunan ne saboda siffarsa ta yi kama da wani tsohon jirgin sama na Jamusawa mai kama da dogon balan-balan. Akwai irinsa da ake cusa wa cuku mai laushi maimakon nama, sai dai a nan tarkon yake, domin ko ka nemi na cukun, sun saba su barbaɗa masa soyayyen kitsen alade a kai kamar yadda muke yaryaɗa man shanu a kan miya. Dole ne mutum ya faɗa tun kafin a kawo. Ni a ranar farko ban sani ba, aka ajiye mini faranti yana ƙyalli, maigida ya dubi ƙananan gutsattsarin da ke kai ya ce kada in taɓa. Ma'aikaciyar ba ta yi musu ba, ta ɗauke ta kawo wani, amma mun biya kuɗin faranti biyu.

Abin da ya fi burge ni shi ne wata miya mai sanyi da suke sha a lokacin zafi, sunanta šaltibarščiai, wadda launinta ruwan hoda ne shar kamar an zuba mata rini. Ana haɗa ta da nono mai ɗan tsami irin kindirmonmu da aka sirka, da jan tushen nan bitirut da ake nomawa a Jos, da kokwamba, da dafaffen ƙwai, da wani ganye mai ƙamshi, a kawo ta da dafaffen dankali mai zafi a gefe. Babu nama a cikinta ko kaɗan. Da na ga launin na ɗan ja baya, amma da na kai cokali baki sai na ji kamar dangin fura da nono ce da ta yi ƙaura, ta bar gero ta kama kayan lambu. Akwai kuma baƙin burodinsu mai nauyi da ɗan tsami, wanda ake yi da wani hatsi dangin alkama, suna girmama shi ƙwarai, har tsofaffinsu ba sa son a yar da shi ko a kife shi. Suna yanka shi siri-siri su soya, su goga masa tafarnuwa, ya zama abin taɓawa. Kifi kuwa, musamman kyafaffe a garuruwan bakin teku, sai wanda ya ƙoshi.

Kada kuma ku bar garin Trakai ba ku ci kibinai ba. Ƙullin fulawa ne mai siffar jinjirin wata, a cusa masa yankakken naman tunkiya da albasa a gasa a tanda, idan ka gutsura romo ya biyo hannunka. Abincin wata ƙaramar al'umma ce da ake kira Karaim, waɗanda su ma addininsu ya hana su cin alade.

Alhaji na Maraɗi:
Hajiya, na ji batun miyar nono, kuma ba ni da ja a kansa. To naman tunkiyar fa, wa ya yanka? Rashin alade a cikin abinci ai bai isa ya mayar da shi halal ba.

Ɗan Ƙofar Mata:
Ranka ya daɗe Alhaji, tambayarka tana kan hanya, kuma ni da na yi shekara bakwai a Kaunas ina karatun likitanci da sanin makamar aiki zan faɗi abin da na gani, hukunci kuwa na malamai ne. A cikin ɗalibai Musulmi akwai masu bin fatawar halaccin yankan ma'abota littafi, akwai kuma masu cewa yankan inji na mahautar zamani bai cika sharaɗi ba, sai su tsaya a kan kifi da kayan lambu, ko su sayi nama a shagunan halal da ake samu a Vilnius, babban birnin ƙasar, da Kaunas, waɗanda galibi Turkawa da Larabawa da mutanen tsakiyar Asiya ke riƙe da su. Baba ya tambayi malaminsa tun a gida, ya tafi da matsayarsa. Abin da zan ƙara a kan maganar Hajiya shi ne, kibinai ya shahara har waɗanda ba Karaim ba suna yin sa, kuma wasunsu suna sa alade, saboda haka sunan kaɗai ba hujja ba ce. Baba ya rubuta waɗannan kalmomi a takarda ya sa a aljihu: kiauliena shi ne naman alade, jautiena naman sa, aviena na tunkiya, vištiena kaza, žuvis kuma kifi. Idan ya ce be kiaulienos, ya ce ban da alade ke nan. Akwai kuma wani abin sha mai launin shayi da ake kira gira, wanda ake yi da jiƙaƙƙen burodi da aka bari ya yi tsami, har yara suna sha, amma yakan ɗauki ɗan abin maye kaɗan, don haka ni ban taɓa kusantarsa ba.

Abin da zai fi ba Baba mamaki a ƙarshen Yuni ba abinci ba ne, rana ce. Takan fito tun wajen ƙarfe biyar saura na asuba, ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, yini ya haura awa 17, kuma jan shafaƙi ba ya gushewa sosai kafin alfijir ya keto. Wanda ya ce zai jira duhu ya yi baƙi ƙirin kafin ya yi isha'i, sai ya wayi gari yana jira. Mafita ita ce a bi jadawalin masallacin Kaunas, wanda ke cikin wani lambu a tsakiyar gari, kuma nan ake sallar Juma'a. Hajiya ta tafi da rigar sanyi marar nauyi da lema, domin bazararsu ba ta wuce sanyin safiyar damina a Jos ba, ruwa kuma ba ya sallama kafin ya sauko.

Game da mutanen, kada Baba ya ɗauki shirunsu a matsayin ƙiyayya. Ba su da doguwar gaisuwa irin tamu, maƙwabci zai iya shekara yana wuce ka da ɗaga kai kawai. Ban ce babu masu kallon raini ga baƙar fata ba, ni ma an taɓa jefa mini magana a tashar mota da dare, amma abin da na fi gani shi ne kallon mamaki daga tsofaffi a ƙananan garuruwa. Idan ka ce laba diena, wato barka da rana, ka kuma ce ačiū, wato na gode, sai ka ga fuska ta saki.

Malamin Tarihi:
Ina so in dawo kan tambayar Alhaji na Maraɗi ta farko, wato me ƙaramar ƙasa irin wannan za ta nuna wa mutumin Kano, domin amsar tana cikin masallacin da likita ya ambata. An gina shi da tubali tsakanin 1930 da 1933, don tunawa da cika shekara 500 da rasuwar Vytautas, babban sarkin Lituweniya da ya mutu a 1430. Me ya haɗa sarki Kirista da masallaci? Shi ne ya zaunar da Tatar Musulmi a ƙasarsa a wajen 1397, ya ba su filaye a kewayen Vilnius da Trakai bisa sharaɗin su yi masa aikin soja, ya kuma bar su da addininsu. A lokacin daular Lituweniya ba ƙarama ba ce, ta miƙa daga tekun Baltik har zuwa Bahar Aswad. Mayaƙan Tatar suna cikin rundunar da ta karya lagon mayaƙan gicciye na Jamus a yaƙin Žalgiris a 1410. Ke nan Musulmi sun fi shekara 600 suna sallah a wannan ƙasa, zamansu ya girmi sarautar Muhammadu Rumfa a Kano.

Har yau akwai masallatansu na katako a ƙauyen Nemėžis da ke bakin Vilnius, da Raižiai, da wani ƙauye da sunansa ke nufin Tatar Arba'in. Wanda bai sani ba zai ɗauka gidan manomi ne, sai ya ɗaga kai ya ga ƙaramar hasumiya da jinjirin wata, ya juya ya ga maƙabarta da duwatsu masu rubutun Larabci a ƙarƙashin itatuwa. Vilnius ma tana da nata masallacin na katako a unguwar Lukiškės, gwamnatin Sobiyet ce ta rushe shi a 1968. Na Kaunas kuwa an ƙwace shi an mayar da shi wurin wasu hidimomi na daban, sai a ƙarshen mulkin Sobiyet aka mayar wa Musulmi abinsu.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne littattafansu. Bayan 'yan ƙarnoni Tatar sun daina jin harshen kakanninsu, suka koma magana da harsunan maƙwabtansu, wato na Belarus da na Poland. Da malamansu suka ga haka, sai suka rubuta tafsiri da addu'o'i da ƙissoshin annabawa a waɗannan harsuna, amma da haruffan Larabci, har suka ƙirƙiro wasu haruffa ta hanyar ƙara ɗigo don sautukan da babu su a Larabci. Suna kiran littattafan kitab. Duk wanda ya taɓa riƙe waƙar wa'azi ta ajami ya san wannan dabara, domin ita ce malamanmu suka yi wa Hausa da Fulatanci, alhali babu wanda ya san da zaman wani.

Alhaji na Maraɗi:
Allah ya gafarta Malam, na ƙaru, kuma ban san da wannan labari ba. Sai dai ni abin da na tsinta a cikinsa gargaɗi ne, ba abin sha'awa ba. Mutanen da suka rasa harshensu, suka koma 'yan dubbai kaɗan bayan shekara 600, ai sun narke ne a cikin jama'a kamar gishiri a ruwa. Wannan shi ne abin da nake tsoro ga 'ya'yanmu da muke turawa irin waɗannan ƙasashe, kuma shi ya sa na ce wa Alhaji ya ɗauko 'yarsa ya yi gaba.

Malamin Tarihi:
Alhaji, ba zan musa maka cewa sun ragu ba, kuma shekarun Sobiyet da aka hana karatun addini sun yi musu illa mai yawa. Amma gishirin da ya narke ba ya barin masallaci da maƙabarta da liman. Idan kuma batun riƙon harshe ne ya dame ka, to a wannan ƙasa ɗin dai za ka ga ɗaya fuskar. Bayan Rasha ta haɗiye mafi yawan Lituweniya a 1795, an yi tawaye, sai gwamnatin sarkin Rasha ta haramta buga littafin harshen Lituweniya da haruffan Latin daga 1864 har zuwa 1904, ta ce sai dai da haruffan Rasha. Shekara 40 ke nan. Mutanen suka ƙi, suka riƙa buga littattafansu a ƙetaren iyaka a yankin Prusiya, talakawa manoma suna ɗauko su a buhu a bayansu cikin dare, suna ratsa daji da kogi, wanda aka kama a ɗaure shi ko a tura shi Sibiriya. Iyaye mata suna koya wa yara karatu a ɓoye a gefen abin kaɗi. Waɗannan 'yan fasa-ƙwaurin littafi suna da mutum-mutuminsu a Kaunas, kuma ana tunawa da su kowace ranar 16 ga Maris. Mu da muka yi ta cacar baki lokacin da aka cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007, mun san cewa rigimar haruffa ba ta haruffa kaɗai ba ce. Abin dariyar shi ne su boko suka yi wa yaƙi, mu kuwa boko aka kawo mana. Masana harsuna kuma suna ɗaukar harshen nasu a matsayin ɗaya daga cikin waɗanda suka fi riƙe tsohuwar siffa a dangin harsunan Turai da Indiya, har ana kwatanta wasu kalmominsa da na Sanskrit, wani tsohon harshen Indiya.

Maman Sadiq:
Malam ya tuna mini da Trakai, wanda tafiyar rabin awa ce daga Vilnius a jirgin ƙasa ko bas. Fadar da Vytautas ya mutu a cikinta tana tsakiyar tafki a kan tsibiri, jan tubali da hasumiyoyi masu tsini, ana isa gare ta ta gadar katako. Amma ni abin da na fi tsayawa kallo shi ne titin Karaim, inda gidajen katako masu fenti kore da rawaya suka jeru, kowanne da taga uku suna fuskantar titi. Mai yi mana jagora ta ce a al'adarsu taga ɗaya ta Allah ce, ɗaya ta sarki, ɗaya ta mai gida. Su ma Vytautas ne ya kawo su daga Kirimiya, kuma yau ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Game da tudun gicciye da Alhaji ya ambata, yana kusa da garin Šiauliai a arewa, kuma mu ba mu je ba, domin maigida ya ce ba shi da abin yi a can. Ban ga laifin wanda ya bar shi ba, ƙasar ba ta ƙare a kansa ba.

Ɗan Ƙofar Mata:
Ni na je sau ɗaya tare da abokan karatu, kuma ban je don ibada ba. Abin da na fahimta shi ne wurin ya zama alamar turjiya, domin hukumomin Sobiyet sun sa an share shi da katafila a 1961 da wasu lokuta bayan nan, amma duk sharewa sai mutane su dawo cikin dare su sake kafawa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da zuwa ba, zai sami wannan labarin a Vilnius ta wata hanya. Akwai gidan tarihi a tsohon ginin hukumar leƙen asirin Sobiyet, inda ake sauka ƙasa a ga kurkukun yadda yake. Akwai wani ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da katifa don kada a ji ihu, da wani da ake cika ƙasansa da ruwan sanyi a bar fursuna tsaye a kan ɗan ƙaramin dandamali, idan barci ya ɗauke shi ya faɗa ciki. A jikin bangon waje an sassaƙa sunayen waɗanda aka kashe da shekarunsu, da yawa ba su kai 25 ba. Bayan na fito daga nan ne na daina ganin laifin tsofaffin da ba sa murmushi ga baƙo. An kwashe dubban iyalai zuwa Sibiriya tun daga Yunin 1941, kuma mayaƙan sa-kai sun yi ta fafatawa daga cikin dazuzzuka har wajen 1953.

A dandalin babbar majami'ar Vilnius akwai wani ɗan falalen dutse a ƙasa da ake dangantawa da ranar 23 ga Agustan 1989, lokacin da mutane kusan miliyan 2 suka riƙe hannun juna daga Vilnius zuwa Riga zuwa Tallinn, tsawon fiye da kilomita 600, suna neman 'yanci. Ranar 11 ga Maris 1990 Lituweniya ta zama ta farko a jamhuriyoyin Sobiyet da ta ayyana ɓallewa, a Janairun 1991 kuma sojoji da tankoki suka afka wa hasumiyar talabijin, mutum 14 suka mutu. Ta shiga Tarayyar Turai da ƙungiyar tsaro ta NATO a 2004, ta koma amfani da yuro a 2015.

Malamin Tarihi:
Likita ya kawo zaluncin da aka yi musu, adalci kuma ya sa a kawo wanda aka yi a ƙasarsu da hannun wasu daga cikinsu. Kafin yaƙin duniya na biyu Vilnius babbar cibiyar ilimin Yahudawa ce, har ana yi mata laƙabi da Ƙudus ta Arewa. A zamanin mamayar Jamus daga 1941 zuwa 1944 an kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na Yahudawan ƙasar, dubun dubata a ramukan dajin Paneriai da ke bayan gari, kuma akwai 'yan ƙasa a cikin masu harbin, kamar yadda akwai waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu suka sayar da rayukansu. A Kaunas akwai gidan da ƙaramin jakadan Japan, Sugihara, ya zauna a 1940 yana rubuta biza da hannunsa ga dubban masu gudun hijira. Mai ziyara ya ga wannan ya ga wancan, kada ya ɗauki labarin gefe guda.

Alhaji na Maraɗi:
To, ga kurkuku, ga maƙabarta, ga ramukan gawa. Alhaji hutu ya ce zai kai Hajiya, ba ta'aziyya ba. Babu wurin da mutum zai sha iska ne?

Maman Sadiq:
Akwai, Alhaji, kuma kai ne za ka fi kowa dariya idan ka gan shi. Daga Klaipėda, garin tashar jiragen ruwa, ana tsallakawa da jirgin fito na 'yan mintoci zuwa wani siririn zirin ƙasa mai tsawon kilomita 98, teku a dama, tafki a hagu, rabinsa na Lituweniya, sauran na Rasha. A kusa da ƙauyen Nida akwai tuddan rairayi da suke ji da su, mafi shahara ya ɗan haura mita 50, har hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan gadon duniya a 2000. Mutumin da ya san hanyar Agadas zai ce wannan ai wasan yara ne, amma rairayi fari tas da dajin itatuwa masu tsini a bayansa da ruwa ta ɓangarori biyu, ban taɓa ganin irinsa ba. Rairayin ya taɓa binne ƙauyuka bayan an sare dazuzzukan wurin, sai da aka yi shekaru ana dasa itatuwa kafin ya tsaya, wanda wannan labari ne da mutanen Maraɗi da Damagaram suka fi ni sani. A can muka sayi kyafaffen kifi a naɗe a takarda, muka ci da hannu a bakin ruwa. A gaɓar nan ne kuma teku ke fito da ƙaron itatuwan zamanin da, wanda ya daskare ya zama kamar dutse mai launin zuma, irin wanda ake yin carbi mai tsada da shi. Akwai gidan tarihinsa a Palanga, inda za ka ga ƙwaro a cikin ƙaron da fukafukansa kamar jiya ya faɗa. Wanda zai saya ya shiga shago mai ba da takardar shaida, domin na roba ya yi yawa a teburan bakin titi.

Baban Hafsat:
Allah ya saka wa kowa da alheri, har da Alhaji na Maraɗi, domin ba don musunsa ba da ba a fito da rabin wannan bayani ba. Na karanta wa Hajiya duka, kuma ga abin da muka tsara: kwana uku a Kaunas don biki da Juma'a, kwana biyu a Vilnius tare da Trakai da masallacin Nemėžis, sannan kwana biyu a bakin teku. Ita ta ce ba za ta shiga kurkukun ba, ni kuwa zan shiga. Saura abu ɗaya. Yarinyar ta ce akwai wata dattijuwa da ta ba ta hayar ɗaki shekara huɗu, ta riƙe ta kamar 'yarta, kuma ta gayyace mu cin abinci a gidanta. Me ya dace mu kai mata, kuma me za mu kiyaye?

Ɗan Ƙofar Mata:
Baba, ku kai mata abin gida, kamar turmin atamfa ko jakar fata ta Kano, amma kada ku saka kilishi a kaya, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara daga waje, kuma za a karɓe shi a filin jirgi. Ku haɗa da furanni, sai dai ku ƙirga su da kyau, su zama uku ko biyar ko bakwai, domin adadin da ya rabu biyu daidai na jana'iza ne a wurinsu, kuma haka za ku yi wa Hafsat ranar biki. Kada a miƙa hannu ko kyauta ta saman dokin ƙofa, sai an shiga ciki, a kuma cire takalmi kamar yadda muke yi. Hafsat ta sanar da ita tun da wuri cewa ba kwa cin alade kuma ba kwa shan giya, don kada ta wahala ta dafa abin da za a bar mata. Idan ta kawo wani dogon kek mai rassa kamar bishiya, sunansa šakotis, ƙwai ne da fulawa da man shanu da sukari ake ɗiga wa sanda tana juyawa a gaban wuta, na manyan bukukuwa ne, a karya reshe da hannu a ci. Gyara ɗaya kawai zan yi wa tsarinku: jirgin ƙasa daga Vilnius zuwa Klaipėda yana cin wajen awa huɗu, kuma ƙarshen Yuni lokacin hutunsu ne, saboda haka Hafsat ta kama muku masauki a Nida tun yanzu, in ba haka ba sai dai ku kwana a Klaipėda ku yi sammakon tsallakawa.